Maigidana likita ne, amma albashinsa ba ya kai mu ƙarshen wata

Assalamu alaikum Anti. Shekararmu 7 da aure, 'ya'yanmu biyu. Maigidana likita ne mai neman ƙwarewa a fannin mata da haihuwa a wani asibitin koyarwa na gwamnatin tarayya a nan Arewa, saura masa jarrabawa ɗaya ya gama. Ranar da yake kol, wato aikin kwana a asibiti, in ya fita da safe sai washegari da la'asar nake ganinsa, ya shigo ko abinci ba ya iya ci, barci ya kwashe shi a kujera da takalmi a ƙafa. Duk da wannan wahala, kafin 20 ga wata sai ya ce in yi haƙuri, babu. Yayyena mata sun ce babu likitan da ba shi da kuɗi, tarawa yake ya ƙara aure. Danginsa kuwa kowa da buƙatarsa yake zuwa. Yanzu ya samu aiki a Saudiyya, yana so mu tafi, amma Hajiyarsa ta ce ba da yawunta ba. Ta ce da kuɗin talakawa ya yi karatu, sannan wa zai riƙa duba ta da ciwon sukarin da take fama da shi? Rannan na ce ya nuna min abin da ake biyansa, sai ya kalle ni ya ce, "Har da ke?" Kwana 3 ke nan daga gaisuwa ba abin da ke haɗa mu. Anti, gaskiya yake faɗa min? Kuma bayan wa zan bi, shi ko Hajiya?

Daga wata uwar 'ya'ya biyu

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta wasiƙarki har sau biyu, kuma inda ya fi tsaya min a rai shi ne wannan "har da ke?" ɗin. Wanda ya faɗi haka mutum ne da ya gaji da ana masa kallon mai kuɗi a ko'ina, a gidansu, a unguwa, a wurin biki, yana ganin ɗakinki ne kaɗai wurin da ba sai ya kare kansa ba. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa. Bari mu fara da kuɗin, tunda shi ya hana ki barci.

Albashin likitan gwamnatin tarayya ba sirri ba ne. Akwai tsarin da ake kira CONMESS, wanda aka amince da shi a 2009, kowane mataki da abin da ake biyansa, daga mai sanin makamar aiki har zuwa babban likita. A 2023 gwamnati ta yi ƙarin kashi 25 cikin 100, na matakin ƙoli kuma kashi 35. To amma ki tuna abin da ya faru a wannan shekarar. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 kafin 2024 ta ƙare. Dala da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500. Ke kike cefane, kin fi ni sanin yadda kwanon shinkafa da kwalbar man gyaɗa suka koma. An ƙara wa mutum kwata a kan abin da yake samu, kayan masarufi sun ninka biyu, wasu uku, man da zai zuba a mota ya je asibiti tsakar dare ya ninka biyar. Duk wanda ke rayuwa a kan albashi a ƙasar nan an rage masa arziki ba tare da an taɓa takardar albashinsa ba, kuma likita yana cikinsu.

Akwai kuma kuɗin da ke fita ta hanyar da ba kya gani. Mai neman ƙwarewa ɗalibi ne kuma ma'aikaci a lokaci guda. Yana biyan kuɗin jarrabawar kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma, wasu ma duka biyun suke zaunawa. Yana biyan kwasa-kwasan da dole sai ya halarta kafin a bar shi ya shiga jarrabawa, da kuɗin mota ko jirgi zuwa Legas ko Ibadan ko Abuja, da masauki, da binciken da zai rubuta kafin jarrabawar ƙarshe, da sabunta lasisin aiki duk shekara. In ya faɗi jarrabawa, wanda ba abin mamaki ba ne ko ga haziƙai, sai ya sake biya. Doka ta tanadi asusun da zai ɗauke musu wannan nauyi, amma jinkirin biyansa na daga cikin abubuwan da ƙungiyarsu ta NARD ke maimaitawa kusan duk lokacin da ta tafi yajin aiki, har da wanda suka fara a Agustan 2021 suka yi wata biyu cur.

Ga wani abu da har yau yake min ciwo. Shekara da shekaru, alawus ɗin haɗari na likita naira 5,000 ne a wata. A watan Janairun 2020, likitoci biyu suka rasu a Kano da zazzaɓin Lassa bayan aikin da aka yi wa wata mai ciki. Naira 5,000 ke nan kuɗin da aka yanka wa irin wannan haɗarin a lokacin. Sai a Disamban 2021 aka ɗaga shi zuwa tsakanin naira 32,000 da 40,000. Maigidanki a fannin haihuwa yake, kullum hannunsa cikin jini. Allura na iya sokarsa, jini na iya fantsama masa a ido, kuma matar da aka kawo tana zubar da jini ba ta jiran sakamakon gwaji. Duk abin da ya ɗebo, gidanki zai kawo shi, wurin ki da yaranki.

Wasu shekaru da suka wuce na yi jinyar wata ƙanwata a ɗakin haihuwa na wani asibitin gwamnati. Wajen ƙarfe 3 na dare aka shigo da wata yarinya da ba ta fi shekara 17 ba, cikin fari, tana jijjiga, wata tsohuwa na riƙe da kanta tana salati. Wuta ta ɗauke, janareta bai tashi ba. Likitan, wani matashi siriri, ya kunna fitilar wayarsa ya cije ta da haƙora, ya sunkuya yana laluben jijiya a hannun yarinyar yayin da ungozoma ke danne ta. Ya rubuta allura, mijin ya tsaya yana juya takardar, ya ce ba shi da ko sisi. Likitan bai ce komai ba, ya sa hannu a aljihun wando ya ƙirga masa kuɗi ya ce ya yi sauri. Da hantsi na fita neman ruwan zafi, na gan shi a ɗakin duba marasa lafiya da rigar jiya, mata sun yi layi har bakin baranda. Ban san ko matarsa ta taɓa jin labarin kuɗin nan ba. Na fi zaton ba ta ji ba, domin ba irin abin da namiji ke dawowa gida ya faɗa ba ne.

Dalilin da ya sa kol ɗin ke ƙara yawa shi ne abokan aikinsa suna tafiya ba a maye gurbinsu. A 2025 ministan lafiya Muhammad Ali Pate da bakinsa ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara 5 zuwa 7. Idan sashe yana da mutum goma, huɗu suka tafi, mata ba za su rage haihuwa ba, shida ne za su raba kwanan goma. A Ingila doka ta ƙayyade aikin likita a kan awa 48 a mako in an daidaita lissafi. Naki yana cinye sama da awa 30 a fita ɗaya, sannan a miƙa masa wuƙa ya buɗe cikin 'yar wani. In ya yi kuskure saboda gajiya, sunansa ne zai shiga Facebook, lasisinsa ne za a dakatar, wataƙila ma 'yan'uwan majinyaciya su tare shi a baranda.

Saboda haka in kin tambaye ni ko abin da ake biyansa ya yi daidai da nauyin da ke wuyansa, amsata a'a ce, kuma ba na shakka. Na san akwai masu cewa ai ya fi malamin firamare, ya fi wanda ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Gaskiya ne, kuma shi ya sa dangi ke masa kallon attajiri. Nas da ungozoma ma suna da irin kukansa, wasu nasu ya fi zafi. Amma an cuci wani fiye da kai ba ya nufin kai an yi maka adalci. Mutum ya yi shekara 6 a jami'a in babu yajin aiki, shekara guda ta sanin makamar aiki, shekara guda ta bautar ƙasa, sannan shekara 5 ko 6 na neman ƙwarewa, rayukan mutane na hannunsa dare da rana, bai kamata 20 ga wata ta same shi yana ba matarsa haƙuri ba.

Duk da haka ba ki yi laifi ba da kika tambaya. Mace na da haƙƙin sanin halin da gidanta ke ciki, musamman da yake ita ake bari da tukunya da yara. Shi ma ya yi kuskure da ya bar ki cikin duhu shekara 7, domin inda babu bayani zato ke shiga. Abin da ya ɓata tambayar shi ne da muryar yayyenki kika yi ta, shi kuma ya ji muryar. Zancen ƙarin aure, ƙanwata, duk abin da kika rubuto babu inda ya nuna haka. Mai neman aure yana da lokacin wanka da turare da zance. Naki yana barci da takalmi, kuma yana neman ya ɗauke ki da yaranki ku tafi wata ƙasa tare. Yayyenki suna son ki, amma ba su taɓa kwana a gidanki ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki daina kai musu lissafin aljihun mijinki.

Ki nemi ranar da ba ya kol kuma bai dawo daga kol ba, ya yi barci ya ƙoshi, yara sun kwanta. Ki ba shi haƙuri a kan zargin, ki bar tambayar a tsaye. Ki ce masa, "Abban yara, na yi kuskure da na bari maganar mutane ta shiga tsakaninmu. Amma ina so in san abin da ke shigowa da abin da ke fita, don in taya ka ɗauka." Sai ku ɗauki takarda. Ke ki fara rubuta naki, cefane, gas, kuɗin makaranta, Islamiyya, domin ya ga ba tuhuma kika zo yi ba. Shi kuma ya rubuta nasa. Ina kyautata zaton layin da zai fi ba ki mamaki shi ne na dangi: kuɗin makarantar ƙane, maganin kawu, gudummawar biki, da majinyatan da ake turo masa daga ƙauye da sunansa kaɗai a baki. A nan ku yanke abu guda a wata, Hajiya ce farko, in ya ƙare ya ƙare. Zumunci wajibi ne, amma ciyar da iyali ya riga shi, kuma duk malamin da kika tambaya haka zai faɗa miki. Faɗin "babu" ga dangi aikinsa ne. Kada ki karɓi wannan aikin, domin ke za a ce kin mallake shi.

Wani abu kuma da ba ki tambaya ba amma dole in faɗa. Mutumin da ya kwana biyu bai runtsa ba bai kamata ya tuƙa mota ba. Ranar da ya sauka daga kol, ya hau Adaidaita ko wani ya ɗauko shi, kuɗin bai kai asarar da ake gudu ba. Ki kuma sa ido. In kika ga ya daina dariya da yara, ya daina cin abinci ko ranar hutu, yana yawan cewa ya gaji da komai, ko ya fara shan ƙwayar barci ko ta hana barci, wannan ya wuce gajiya. Likitoci sun fi kowa ƙin zuwa ganin likita. Ki samu abokinsa na kusa a wurin aiki ki faɗa masa.

Yanzu maganar tafiya. Hajiya ta kawo hujja biyu, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Ta farko, cewa da kuɗin talakawa ya yi karatu, akwai gaskiya a ciki, kada ku raina ta. Minista Pate ya ƙiyasta cewa horar da likita ɗaya na cin sama da dala 21,000. Ni kaina duk lokacin da na ji wani likitan mata ya tafi, yarinyar nan mai jijjiga nake tunawa, in tambayi kaina wa zai cije waya a baki saboda ta gaba. Arewa ce ta fi ko'ina asarar mata a wurin haihuwa, kuma ita ce ta fi ƙarancin likitoci. Amma bashi yana da iyaka. A 2023 wani ɗan majalisar wakilai daga Legas, Ganiyu Johnson, ya kawo ƙudirin da zai tilasta wa likita yin aikin shekara 5 a gida kafin a ba shi cikakken lasisi, likitoci suka yi ca a kansa suna cewa ya yi tsauri. Ko da wannan ma'aunin mai tsauri aka auna maigidanki, ki ƙirga shekarunsa tun daga sanin makamar aiki, za ki ga ya wuce. Abin da kawai zai bincika shi ne ko jiharsu ta ɗauki nauyin karatunsa da sharaɗin ya yi mata aiki na wasu shekaru. In akwai wannan, alkawari ne, sai ya cika ko ya biya kafin ya ɗaga ƙafa.

Wanda ake bin bashin da ba a biya ba a wannan lamari gwamnati ce. A watan Afrilun 2001, a nan Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya. Gwamnatin tarayya ba ta taɓa kaiwa ba, yawanci a kusa da kashi 5 take yawo. A 2019 ministan ƙwadago na lokacin, Chris Ngige, wanda shi ma likita ne, ya fito ya ce muna da rarar likitoci, mai son tafiya ya tafi. Ba adalci ba ne a ɗora wa mutum ɗaya da matarsa da 'ya'yansa biyu nauyin toshe ramin da masu kasafi suka haƙa.

Shawarata a nan ita ce kada ya tafi kafin ya ci jarrabawar ƙarshe. Saura taki ɗaya, kuma matsayin da za a ba shi a can da albashinsa sun dogara da takardar da ya zo da ita. Wanda ya tafi da rabin horo yakan makale a ƙaramin mataki, in ya dawo gida kuma ya tarar da ƙannensa sun zama shugabanninsa. Ku kuma karanta takardar kwantaragin tare, layi-layi, domin aikin Saudiyya na kwantaragi ne, ana sabuntawa, kuma ana iya ƙin sabuntawa. A wane gari ne? Mutane da sun ji Saudiyya sai su hango Makka da Madina, alhali ana iya tura shi wani ƙaramin gari mai nisan gaske daga Harami. Akwai takardar zama ta iyali tun farko ko sai daga baya? Wa ke biyan gida, da makarantar yara, da tikitin zuwa hutu? Ya yi magana da likitan da ke aiki a wannan asibitin yanzu, kuma kada ya ba wani dillali kuɗi a kan alkawarin baki. In asibitinsa zai ba shi hutu ba albashi, ya fi ya ajiye aikin gaba ɗaya. Ke ma ki tambayi kanki ko za ki iya zama inda babu 'yar'uwa, babu maƙwabciyar da za ki leƙa, miji kuma yana asibiti. Ki faɗa masa amsar tun yanzu. Ku sa wa tafiyar wa'adi da manufa, shekara kaza, a gina gida, a tara na karatun yara, a dawo. Ina fata ya dawo, kuma ba na ɓoye wannan.

Hujjar Hajiya ta biyu ita ce ta ainihi. Tsohuwa ce mai ciwon sukari, ɗanta ne ke duba mata ƙafa, shi ke canza mata magani, shi take kira in ta ji jiri. Tsoro take ji, kuma ba za a warkar da tsoro da lissafin dala ba. Ke kuma ba ke za ki yi wannan muhawarar ba. Suruka in ta buɗe baki a irin wannan magana, ko gaskiya ta faɗa, cewa za a yi ita ta zuga shi. Aikinki ki ƙara kyautata mata, ki kai mata jikoki, ki koyi girkin da ya dace da ciwonta, ki koyi gwada mata sukari da na'urar nan ta yatsa. Shi zai je, tare da kawunsa ko wani babba da take jin nauyinsa, kuma kada ya je da roƙo kawai. Ya je da sunan abokin aikinsa da ya yarda zai riƙa ganinta duk wata, da sunan wanda zai riƙa sayo magani, da wanda za a kira tsakar dare, da yawan zuwan da zai riƙa yi gida, da alkawarin kai ta Umara ta zauna da ku. In ta ce a'a, kada ya tsallake maganarta ya hau jirgi. Jarrabawar da ke gabansa ta ba ku watanni. Ya fara kai ta wurin abokin nasa tun wannan watan, yana zaune a gefe, har ta saba da hannunsa, sannan a sake tayar da maganar.